Maigidana na da kashi 90 a VA, shin in ajiye inshorar lafiya ta wurin aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a jihar Texas. Maigidana ya yi shekara tara a sojan ƙasa na Amurka, ya je Afganistan sau ɗaya, ya fita bara da kwantiraginsa ya ƙare. Yanzu VA, ma'aikatar tsofaffin sojoji, ta ba shi kashi 90 na naƙasa saboda ciwon baya, gwiwa da matsalar barci. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ana cire mini kuɗi mai yawa duk wata na inshorar lafiyarmu da yara uku, babbar shekararta 17. Wata maƙwabciyata da mijinta ma tsohon soja ne ta ce in daina biya, tunda su gwamnati ce ke ɗauke musu komai. Gaskiya ne? Kuma mahaifiyarsa na nan tafe ta zauna da mu, ita ma za ta iya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa maigida lafiya.

Kada ki ajiye inshorar nan tukuna. A yadda kika bayyana lamarin, in kika fita yau, ke da yaran za ku wayi gari ba ku da komai, domin kashi 90 ɗin da aka ba shi bai buɗe muku ƙofar asibiti ko ɗaya ba. Ba ƙarya maƙwabciyarki ta yi miki ba, labarin gidanta ta ba ki, gidanta kuwa ba gidanki ba ne. Na daɗe ina taya tsofaffin sojoji cike takardun nan, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani: mutane na ɗauka yawan kashin da VA ta rubuta shi ke yanke maganar lafiyar iyali. Abubuwa biyu ne ke yanke ta. Na farko, ta wace ƙofa mutum ya bar aikin soja. Na biyu, ko VA ta rubuta cewa naƙasarsa cikakkiya ce kuma ta dindindin.

Bari in fara raba miki hukumomin, don a nan ruɗanin yake farawa. VA ita ce ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji. Ita ke biyan diyyar wata-wata kan ciwon da aikin soja ya jawo ko ya tsananta, kuma ita ke da asibitocin da tsohon soja yake zuwa. Asibitocin nan nasa ne shi kaɗai. Da kashi 90, maigidanki yana rukunin farko na waɗanda ake dubawa, ba ya biyan ko sisi na ganin likita ko na magani, amma wannan gatan bai ratso zuwa kanki ba. TRICARE kuma inshorar lafiya ce ta ma'aikatar tsaro, ita ce kuka yi amfani da ita lokacin yana cikin kaki. Bayan an fita, galibi waɗanda suka yi ritaya ne ke ci gaba da ita tare da iyalansu: ko dai wanda ya cika shekara 20, ko wanda sojan da kansa ya yi masa ritaya saboda rashin lafiya.

Wannan ritayar ta rashin lafiya tana da nata ma'aunin, wanda ya bambanta da na VA. Kwamitin likitocin soja yana duba ciwon da ya hana mutum ci gaba da aikin ne kawai. In suka auna shi kashi 30 ko fiye, an yi masa ritaya, iyalinsa sun sami TRICARE ko da shekara huɗu ya yi. In ƙasa da 30 ne, sai a ba shi kuɗin sallama a dunƙule a ce a sauka lafiya, babu TRICARE. Shi ya sa za ki ga wanda soja ya ba kashi 30 matarsa na da katin asibiti, ga wani mai kashi 90 a VA matarsa ba ta da shi. Maigidanki kwantiragi ne ya ƙare masa, bai bi ta gaban kwamitin ba, don haka wannan ƙofar a rufe take. Akwai hanyar roƙon hukumar gyara bayanan soja ta sake duba fitarsa, da fom DD 149, in har akwai shaida a takardun asibitinsa cewa tun yana ciki ciwon ya hana shi aiki kuma ya kamata a kai shi gaban kwamiti. Hanya ce mai tsawo, kuma ba kowa ke dacewa ba. Ba zan ce ki gina lissafin gidanki a kanta ba.

Abin da ya rage muku shi ne CHAMPVA, kuma ina kyautata zaton ita ce maƙwabciyarki ke da ita. Shiri ne na VA da aka kafa a 1973 don mata ko miji da 'ya'yan tsohon sojan da aka tabbatar naƙasarsa cikakkiya ce ta dindindin, abin da ake taƙaitawa da P&T, da kuma iyalan wanda ciwon aikin ya yi ajalinsa. Ki lura da kalmomin biyu. Kashi 100 kaɗai bai isa ba, domin akwai ɗari na wucin gadi, kamar wanda ake ba mutum bayan tiyata ko lokacin da yake jinyar ciwon daji, wanda za a sake dubawa. Sai an haɗa da dindindin. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ya shiga shafinsa na VA ya sauko da wasiƙar taƙaita haƙƙoƙinsa. Akwai layin da ke cewa ko ana ɗaukarsa mai cikakkiyar naƙasa ta dindindin. Haka nan in wasiƙar hukunci ta ce iyalinsa sun cancanci tallafin karatu na babi na 35, to an ba shi ke nan. Kuma wanda ya cancanci TRICARE ba ya samun CHAMPVA, ba zaɓi ake ba mutum tsakaninsu ba.

To daga 90 zuwa 100 fa? A ido taki ɗaya ne, a lissafin VA kuwa shi ne tudu mafi wuyar hawa. Ba tara kashi suke yi ɗaya kan ɗaya ba. Suna ɗaukar mutum a matsayin lafiyayye ɗari bisa ɗari, su cire ciwo mafi girma, sannan su cire na biyu daga abin da ya saura. Mai ciwon kashi 50 da na kashi 30: an cire 50, saura 50, kashi 30 na wannan hamsin ɗin 15 ne, jimla 65, sai a cika ta zuwa 70, ba 80 ba. Yanzu ki ɗauka maigidanki na kan 90 cif. Goma ta saura masa. In an ƙara masa sabon ciwo mai kashi 30, uku kawai ya samu, ya zama 93, a mayar da shi 90. Sai ya kai 95 kafin a cika masa ɗari, wato sai sabon ciwo mai kashi 50. Kuma mai yiwuwa ma ainihin lambarsa 85 ce ko 86 aka cika ta, wanda ke nufin tazarar ta fi haka. Bambancin kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne: a 2025, tsohon soja shi kaɗai mai kashi 90 na karɓar kusan dala 2,300 a wata, mai kashi 100 na karɓar dala 3,831, babu haraji a kai, kuma akwai ƙari na mata da 'ya'ya tun daga kashi 30.

Akwai wata hanyar da mutane da yawa ba su sani ba, ana ce mata TDIU. In ciwon aikin ya hana mutum riƙe aikin da zai ci da kansa, VA na iya biyansa kuɗin mai kashi 100 ko da lambarsa ba ta kai ba. Sharaɗin da aka saba shi ne ciwo ɗaya mai kashi 60, ko jimlar 70 da ɗaya a ciki ya kai 40. In aka ba shi wannan kuma aka ce na dindindin ne, iyali sun sami CHAMPVA. Ba ki faɗa mini ko maigida na aiki ba. In yana aiki cikakke yana ɗaukar albashi, wannan ba tasa ba ce, kuma ba zan taɓa ba shi shawarar ya ajiye aikin da yake iyawa don neman ta ba. Namiji mai shekara talatin da wani abu ya zauna a gida yana jiran ƙarshen wata, wannan ma wani ciwon ne, na ga yadda yake cin mutane.

Tunda ya je Afganistan, ya duba dokar PACT da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022. Ta shafi waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanoni. Ta jera cututtuka, irin su asma da ta bayyana bayan aiki, ciwon hanci da na kogon hanci mai daɗewa, da ciwon daji iri-iri, waɗanda VA ke ɗauka kai tsaye cewa aikin ne ya jawo su, ba sai mutum ya kawo hujjar alaƙa ba. Haka nan ciwon da wani ciwon ya haifar ana lissafa shi: gwiwar da ta lalace ta sa mutum ɗingishi har ƙugu ya kamu, ko jijiyar ƙafa da ciwon baya ya danne. Sai dai gargaɗi biyu. Duk wanda ya nemi ƙari ya buɗe fayil ɗinsa ne, kuma in likitan da ya duba shi ya ga wani ciwon ya yi sauƙi, ana iya rage masa. Ya nema in da gaske jikin ya ƙara tsanani kuma takardun asibiti sun nuna haka. Na biyu, ya guji kamfanonin da ke cika intanet da talla suna alkawarin kai mutum ɗari, su karɓi ƙarin da ya samu na watanni da dama. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da wakilai masu izini da ke yin wannan aikin kyauta, haka ma ofishin tsofaffin sojoji na gundumarku. Kafin ya gama tara takardu, ya fara shigar da sanarwar niyya, fom 21-0966, wadda ke riƙe masa kwanan wata har shekara guda. In an amince, daga ranar za a biya shi bashin baya.

Yanzu mu ɗauka Allah Ya sa an ba shi P&T. Ko a lokacin ma ba zan ce ki ruga ofishin ma'aikata ki soke taki ba, sai kin zauna da biro da takarda.

Kyawun CHAMPVA a fili yake. Ba a biyan kuɗin wata. A shekara, mutum na fara biyan dala 50 daga aljihunsa na ganin likita, iyali gaba ɗaya dala 100, daga nan shirin ya ɗauki kashi 75 na farashin da ya amince da shi, ku ku biya 25. In abin da kuka kashe a shekara ya kai dala 3,000, sauran shekarar su ke biya duka. Maganin da ake sha kullum, kamar na hawan jini ko na sukari, suna aiko da shi gida ta gidan waya kyauta, muddin ba ku da wata inshorar da ke biyan magani. Idan kika kwatanta da abin da ake yanka a albashinki, za ki ga dalilin da maƙwabciyarki ke murna.

Amma tana da ramuka, kuma ɗaya daga ciki ya shafe ki kai tsaye. 'Yarki mai shekara 17. Inshorar wurin aiki, bisa dokar lafiya ta 2010, tana riƙe yaro har ya cika 26, ko yana karatu ko ba ya yi, ko ya yi aure. CHAMPVA ba ta bi wannan dokar ba. Tana sauke yaro a shekara 18, sai in ɗalibi ne, a nan ta kai shi 23, kuma sai an aika shaidar makaranta. In ta yi aure, ta fita. In ta gama sakandare ta ce za ta huta shekara guda kafin jami'a, ta fita a wannan tsakanin. Na ga iyayen da ba su san an sauke ɗansu ba sai da takardar bashin asibiti ta iso. Don haka a gida irin naku, yaran na iya zama dalilin da za ki riƙe ta wurin aiki ko bayan an sami ɗayar.

Rami na biyu, likitoci. CHAMPVA ba ta da jerin likitocin da ta ƙulla yarjejeniya da su. Asibitin da ke karɓar Medicare, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, dole ya karɓe ta in kwantar da mutum za a yi, amma likitan da ke da ɗakin duba marasa lafiya nasa yana da damar ƙi, kuma sau da yawa ma'aikaciyar da ke gaban tebur ba ta taɓa jin sunan ba, sai ta ɗauka TRICARE kike nufi. Kafin ki yanke shawara, ki kira likitan yaranki da likitar mata da kike gani, ki nemi mai kula da lissafin kuɗi, ki tambaye shi kai tsaye. Garuruwan Texas da ke kusa da barikoki sun fi sanin ta. Na uku, haƙori da tabarau: ba ta biyan wankin haƙori da cikewa na yau da kullum, ba ta sayen tabarau. Akwai inshorar haƙori da VA ta shirya wa masu CHAMPVA a farashi mai rangwame, amma ku za ku biya.

Ana iya riƙe biyun tare. Ta wurin aiki ta fara biya, CHAMPVA ta bi baya ta share yawancin abin da ya saura, har ya zama ba kasafai kuke fitar da kuɗi a asibiti ba. Wannan ya fi dacewa da gidan da ke da mai ciwo mai cin kuɗi, ko mace mai ciki da ta riga ta saba da likitarta. In kowa lafiya lau kuma likitocinku sun ce suna karɓa, mai yiwuwa kuɗin da ake yanka miki a shekara ya fi abin da za ki kashe ƙarƙashin rufin dala 3,000 ɗin nan, kuma a nan ajiye ta wurin aiki na da ma'ana. Wasu na bin tsaka-tsaki: su cire maigida daga inshorar aiki tunda VA na duba shi kyauta, su bar uwa da yara. Wannan ma kina iya tambaya tun yanzu, ba sai an jira komai ba, don a wurare da yawa farashin ma'aikaci da yara ya fi na iyali duka sauƙi sosai. Ki tuna kawai cewa in ya dogara da VA kaɗai, in larurar gaggawa ta kai shi wani asibiti, a sanar da VA cikin awa 72. Kuma in kina zuba kuɗi a asusun ajiyar lafiya na HSA, ki yi magana da mai yi muku haraji kafin ki karɓi kati na biyu, don samun wata inshorar na iya hana ki ci gaba da zubawa.

Maganar lokaci ma ki riƙe ta. Ana neman CHAMPVA da fom 10-10d, tare da 10-7959c da ke bayyana wace inshora kuke da ita, kuma amsa na iya ɗaukar makonni ko watanni. Wurin aiki kuma ba a fita a dawo yadda aka ga dama. Galibi sau ɗaya ake buɗe ƙofa a shekara, sai in wani babban sauyi ya faru kamar haihuwa ko rasa wata inshorar. In kika fita a kan zato, kina iya shafe watanni a tsakiya. Sai katin ya zo hannunki, da sunan kowane yaro, sannan ki taɓa taki.

Kafin nan, ga abin da zai iya rage miki nauyi yanzu. Diyyar VA ba a lissafa ta cikin kuɗin shigar da ake dubawa wajen Medicaid na yara da CHIP, wato inshorar gwamnati ta yaran masu ƙaramin ƙarfi, ko wajen rangwamen kasuwar inshora ta gwamnati, tunda ba kuɗin haraji ba ne. Iyalai da yawa na haɗa ta cikin lissafi su ga kamar sun wuce iyaka, alhali ba su wuce ba. Ki gwada da albashinki da nasa kawai, in yana da shi. In yaran sun shiga CHIP, ke kaɗai za ki rage a ta wurin aiki, kuma wannan shi ne farashi mafi araha.

Sai maganar Hajiya. A nan tsarin Amurka da namu suka rabu. A wurinmu uwa ita ce farkon iyali. A takardar CHAMPVA ba ta ciki ko kaɗan, ko da an ba ɗanta ɗari na dindindin. Abin da VA ke yi shi ne ƙara wa tsohon soja ɗan kuɗi a diyyarsa in ya nuna iyayensa sun dogara da shi, da fom 21P-509, kuma da kashi 90 ya cancanci nema tun yanzu. Kuɗin ba zai sayi inshora ba, amma haƙƙinsa ne. Lafiyarta kuwa sai an yi mata shiri daban, kuma ya danganta da irin takardar da za ta shigo da ita. Mai bizar ziyara inshorar matafiya ake saya mata tun kafin ta taso, a karanta da kyau abin da ta ce kan ciwon da mutum ya zo da shi. Mai katin zama na dindindin tana iya sayen inshora a kasuwar gwamnati, amma Medicare sai ta cika shekara 65 kuma ta yi shekara biyar a jere a ƙasar kafin ta iya saya. Ku yi wannan lissafin kafin a yanki tikiti, domin kwana biyu a asibitin Amurka ba tare da inshora ba na iya cinye ajiyar shekara.

Haka abin yake ga ɗan riƙo. In cikin yaran uku akwai ɗan ƙanwa ko ɗan wa da kuke riƙo, VA na ƙirga ɗan cikinsa, agolan da ke gidansa, da wanda kotu ta ba shi a matsayin ɗa a hukumance. Riƙon zumunci ba ya shiga. Aure ma sai wanda doka ta sani: in a gida aka ɗaura, ku tanadi takardar shaidarsa, kuma mace ɗaya suke rubutawa. In aure ya mutu, CHAMPVA ta matar na ƙarewa a ranar da kotu ta raba, ko shekara nawa aka yi tare, yaran kuwa suna nan a ciki.

Wani abu da ba a son faɗa amma gara ki sani: darajar P&T ba ta tsaya a katin asibiti ba. In tsohon soja ya rasu saboda ciwon aikin, ko ya shekara goma a kan cikakkiyar naƙasa kafin rasuwarsa ko da wani abu ne sanadi, matarsa na iya samun diyyar wata-wata da ake kira DIC. Yaran na samun tallafin karatun babi na 35 har wata 36. A Texas kuma mai kashi 100 ba ya biyan harajin gidan da yake zaune a ciki. Allah Ya ba shi tsawon rai, amma waɗannan na cikin dalilan da suka sa in jikin ya kai, bai kamata kunya ko "ai wasu sun fi ni jin jiki" ta hana shi nema ba.

In kuna da niyyar komawa gida wata rana, diyyarsa na bin sa duk inda ya zauna, akwai kuma shirin VA na ƙasashen waje da ke biyan maganin ciwon aikin kawai, ban da sauran cututtuka. CHAMPVA ma na aiki a waje, sai dai galibi ku za ku biya asibiti ku aika rasit a mayar muku.

A wannan makon, ki ce wa maigida ya sauko da wasiƙar nan ku karanta layin dindindin tare, ya kuma nemo takardar hukuncin da ta jera kowane ciwo da kashinsa don a san ainihin lambarsa kafin a cika ta. Ke kuma ki karɓo jadawalin farashi daga ofishin ma'aikata, na ke kaɗai, na ke da yara, da na iyali duka, ki tambayi ranar da za a buɗe ƙofar sauyi. Da waɗannan takardu uku a hannu ku je wurin wakilin gundumarku.